Ranar da Muka Haura Tamanin

Mijina tsohon direban sahara ne. Ya yi shekaru yana bin hanyar arewa, daga Agadas ya wuce Sigidin har bakin iyakar Libiya, kafin bayansa ya fara ciwo, hanyar ma ta lalace. Da ya yanke shawarar zama gida, sai ya sayar da tsohuwar motarsa ya sayo wata ƙarama fara, ƙirar Shinuwa, wato ƙasar Sin, wadda ba ta shan esansi sai wuta. Abokansa sun yi masa dariya har suka gaji. Ni ma ban yaba ba, domin ɗinki nake yi a gida, kuma rumfar da nake zama da kekena ita ya karɓe ya ba motar, wai rana ba ta yi wa batir kyau.

Batir ɗin nan shi ne hirarsa safe da yamma. Ya kafa pano mai kama hasken rana a kan soro, ya ja waya zuwa rumfar, mota ta riƙa shan wuta a hankali har rana ta faɗi. Yana da doka biyu da ba ya karyawa. Ba ya barin allon motar ya haura tamanin cikin ɗari, ba ya kuma barinsa ya sauka ƙasa da ashirin. Cewa yake batir kamar tsoho yake, ba a cika masa ciki, ba a barinsa da yunwa. Akwai wani Alhaji mai kamfanin ƙanƙara a gefen gari wanda ya girka na'urar sharjin gaggawa saboda motocinsa na raba kaya, ya kuma sha yi wa mijina tayi ya zo ya sa. Bai taɓa zuwa ba. Ya ce wutar nan mai ƙarfi tana dafa batir daga ciki, balle a zafin Agadas, kuma in batir ya mutu babu mai gyara shi a garin nan, babu inda za a sayo wani. Motar ce abincinmu, da ita yake ɗaukar mutane cikin gari.

A bazarar da esansi ya yi wuya, masu dariyar nan su suka koma yi masa waya. Layin motoci da moto a kowace tasha ya kai ya kawo, mutane suna wuni a rana ba su samu ko lita ba. Shi kuwa yana fita da safe ya yi ta jigila har azahar, ya dawo ya sa ta a inuwa.

Ran da nake ba da labari, ya shigo ke nan da wuri, tun kafin azahar, yana wanke fuska a bakin randa, talhona ya yi ƙara. Ƙanena ne daga Adarbisinat, garinmu, inda iyayena suke. Ya ce wani bijimi ya matse Baba da bangon kara a kasuwar shanu, an kai shi gidan likita, majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba ya ce haƙarƙari ya karye, yana kuma tsoron wani abu ya fashe a ciki. Sai an kawo shi Agadas a yau. Motar likita ta tafi da wata mai naƙuda tun safe, ba wanda ya san lokacin da za ta dawo. Shi ƙanen nawa ya zagaya garin duka, duk mai mota ya ce tankinsa a bushe.

"Yaya, numfashinsa ba daidai yake ba," in ji shi. "Ki faɗa wa maigidanki."

Na faɗa masa a tsaye. Ya ajiye butar, ya nufi motar ya leƙa allo. Talatin da ɗaya. Ya tsaya yana kallon lambar, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Wayar gida ba za ta cika ta ba ko da an kai gobe, ni ma na san wannan.

"Ɗauko mayafinki," ya ce. "Gidan Alhaji za mu."

Na bar wa maƙwabciyata sallahun yara in sun taso daga lakwal, makarantarsu ta boko, na cika bido biyu da ruwa, na jefa katifar ƙaramar ɗiyata a kujerar baya.

Rana tana tsaka lokacin da muka shiga filin kamfanin ƙanƙarar. Na'urar tana jikin wani bango, doguwa kamar firijin shago, babu ko rumfa a kanta. Alhaji ba ya nan, amma da mijina ya yi masa waya ya ce a buɗe mana, kada a tsaya wata magana. Mijina ya ciro igiyar, mai kauri kamar damtsen mutum, ya yi bisimilla ya cusa. Na ga hannunsa ya ɗan tsaya kafin ya danna.

Da farko abin ya ba ni mamaki. Lambar da take ɗaukar rabin wuni a gida ta riƙa tsalle a gaban idona. Arba'in, hamsin. Na fara gode wa Allah. Sai wata fanka a ƙarƙashin motar ta tashi da ƙugi, irin wanda ban taɓa ji ba, wani rubutu mai ruwan ɗorawa ya fito a allo. Lambar ta rage gudu.

"Me ya faru?" na tambaye shi.

"Batir ya yi zafi. Motar da kanta ta rage shan wuta, don kada ya ƙone."

"To ka ce mata ta ƙara."

"Ba ta jin maganata a nan."

Ya roƙi ma'aikatan wurin suka kawo tabarmi biyu da wani tsohon tanti, muka rufe motar. Ya sa aka yayyafa ruwan narkakkiyar ƙanƙara a ƙasa, a kewaye. Ni da shi muka riƙe gefen tantin don kada iska ta ɗauke. Ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Ina riƙe da tanti da hannu ɗaya, talho a ɗayan, ƙanena yana kira yana katsewa.

Da ta kai saba'in na ce mu tafi. Ya girgiza kai. Da ta kai tamanin na sake cewa mu tafi, ai ga lambarsa ta cika.

"Yau ba lambata ba ce," ya ce. "Hanyar nan ta ɓaci, yashi da ramuka suna cin wuta. Ko ta cika ɗari ba za ta kai mu Adarbisinat ta dawo da mu ba. Can kuma babu inda za mu sa."

Sai a lokacin na gane abin da yake lissafawa tun a gida.

"To me muke yi a nan?"

Ya karɓi talhon daga hannuna ya kira ƙanena. Ya ce masa ya nemi mai adaidaita na ɗaukar kaya, ya bi duk mai moto a unguwa ya roƙi abin da ya rage a tankinsa, ko rabin kwalba ne, a zuƙo da tiyo. A shimfiɗa katifa, a kwantar da Baba a kan gefen da ya karye, su taso zuwa arewa har inda man ya ƙare. Mu kuma za mu taho kudu, mu haɗu a hanya.

"Kada ku sauka daga kan hanya ko don inuwa," ya ce masa. "In kun sauka za mu wuce ku ba mu sani ba."

Daga tamanin zuwa sama, lambar ta koma tafiyar hawainiya. Sai in ƙura mata ido har hawaye su taru, ba ta motsa ba. In na kau da kai na dawo, ta ƙara ɗaya. Fankar nan ba ta daina ƙugi ba. Mijina ya durƙusa yana sa tafin hannunsa a ƙarƙashin motar yana cirewa da sauri, fuskarsa a murtuke kamar mai jinyar ɗa. Na ce masa ubana yana can yana neman numfashi mu muna nan muna gadin lamba. Bai ɗago ba.

"Kowace ɗaya da kike gani, tafiya ce," ya ce. "In babu ita a ƙafa za mu yi, da Baba a baya."

Muka yi azahar a nan kan tabarmar ma'aikatan. A tis'in da biyu rubutun ya koma ja, ya zare igiyar da kansa.

Mun fita gari ta bariyer, shingen jandarma na hanyar Damagaram, tagogi a buɗe, kilim mai sanyaya mota a kashe. Iskar da ke shigowa kamar daga bakin tanda. Ya hana ni ko jona talho a jikin motar. Ba ya gudu, yana tafiya daidai wa daida, yana kauce wa ramuka, inda gudron, wato kwalta, ya ƙare ya bi sawun manyan motoci a yashi yana cije leɓe. Hanyar babu kowa. Da can ba ka rasa dogon-baro ko motar albasa, ran nan sai raƙuma jefi-jefi da awaki a gindin ƙaya. Motar ba ta da ƙarar inji, don haka ina jin tsakuwa tana bugun cikinta, ina jin numfashina.

Kira na ƙarshe da ya shigo, ƙanena ya ce sun samu man sun taso, Inna tana tare da su. Bayan nan rezon talho ya ɗauke.

Da muka yi nisa mijina ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ki saurare ni da kyau. In allon nan ya nuna hamsin ba mu gan su ba, juyawa zan yi."

"Ka juya ka bar su a daji?"

"Da tis'in da biyu muka fito. Dawowa da nauyin mutane ne. In muka wuce hamsin, mu da su duka za mu kwana a daji, ba mai zuwa ɗaukarmu. In na juya, zan iya sake cikawa in dawo."

"Baba ba zai kai lokacin ba."

"Allah ya fi mu sani."

Na ɗora idona a kan hanya, duk wani baƙin abu da na hango sai zuciyata ta buga. Sau da yawa itace ne, sau ɗaya gawar wata tsohuwar mota. Sittin. Hamsin da biyar. Kawalwalniya tana rawa a gabanmu kamar tafki. Na riƙa karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wadda na sani da wadda na haɗa. Hamsin da biyu, hamsin da ɗaya.

Hamsin ta fito muna gindin wani dogon tudu. Ya ɗage ƙafa, motar ta fara rage gudu. Na kama hannun rigarsa.

"Don Allah, baban yara. Tudun nan kaɗai. Mu hau mu duba."

"Hawa ya fi komai cin wuta."

"Na sani. Don Allah."

Ya dube ni, ya dubi allon. Jijiyar wuyansa ta fito. Sai ya taka. Muka hau a hankali, lambar ta sauka ɗaya, ta sake sauka ɗaya. A saman tudun babu komai sai fili da ƙaya har ƙarshen gani. Ya tsayar da motar ya fita, ya sa hannu ya kare ido daga rana. Ni na kasa fita. Na ga ya daɗe yana kallon wuri guda, sai ya dawo da sauri ya rufe ƙofa.

"Akwai mai kaɗa zane can ƙasa," ya ce.

Inna ce. Ta cire mayafinta ta ɗaura a sanda tana kaɗawa a tsakiyar hanya. Adaidaitar tana gefe, man ya ƙare musu tun ɗazu, ƙanena da mai adaidaitar sun tura ta har suka kasa. Baba yana kwance a bayan adaidaitar, an yi masa inuwa da buhu. Leɓensa ya yi toka-toka, yana jan numfashi gajere-gajere kamar mai shan ruwan zafi. Da ya gan ni ya yi ƙoƙarin ɗaga kai.

"Kun sha hanya," ya ce da ƙyar.

"Kada ka yi magana, Baba."

Mutum huɗu muka kama katifar muka shigar da shi kujerar baya. Inna ta zauna a ƙasa wajen ƙafafunsa ta tallafe shi. Ƙanena ya buɗe ƙofa zai shiga, mijina ya dafa kafaɗarsa.

"Kai za ka tsaya."

"In tsaya? Ubana ne fa!"

"Na sani. Nauyinka zai iya hana mu isa. Ga ruwa, ku zauna kan hanya, duk motar da ta zo ku hau."

Ƙanena ya dube ni yana jiran in sa baki. Na sauke masa bido ɗaya, na kasa haɗa ido da shi. Muka juya da arba'in da bakwai.

Dawowar nan ba na son tuna ta. Iska ta juyo tana bugun gaban motar, lambar tana sauka fiye da yadda ta sauka a zuwa. Kowane rami muka faɗa sai Baba ya yi nishi, mijina ya ce, "Sannu, Baba, a gafarce ni." Zafi ya cika motar. Inna tana jiƙa gefen zanenta tana shafa masa a fuska, amma gumi ya daina fito masa, idanunsa suna lumshewa. Ta kira shi sau biyu bai amsa ba.

"Zafin nan zai kashe shi," in ji Inna. Da ni take, domin ba ta magana da surukinta kai tsaye.

Mijina ya ji. Ya ɗaga tagogi ya kunna kilim. Sanyi ya fara sauka, na ga ƙirjin Baba ya ɗan lafa. Na kuma ga lambar ta faɗi biyu a ɗan lokaci. Ya bari har motar ta yi sanyi ya kashe, in ta sake ɗaukar zafi ya kunna. Haka muka yi ta yi. Can Baba ya buɗe ido ya ce, a hankali, "Motar nan tafiya take ko tsaye muke?" Inna ta ce tafiya muke. Ya ce, "To, madalla," ya sake rufe ido.

A ashirin motar ta yi wani ɗan kuka na gargaɗi. A goma ta sake. Rana ta yi ƙasa, ta koma ja a gefen hagunmu. Mijina ya kashe komai, ya sunkuya a kan sitiyari kamar zai tura ta da ƙirjinsa. Da muka hango dogon masallacin Agadas can nesa, siriri kamar tsinke, allon yana nuna huɗu. Sai hoton kunkuru ya fito, motar ta ƙi gudu ko ya taka har ƙasa.

"Me ke nan kuma?"

"Tana tattalin abin da ya rage. Ki yi addu'a."

A bariyer jandarman ya leƙo, ya ga Baba, ya ɗaga sandar ba tare da tambaya ba. Muka shiga gari muna tafiyar da mai keke zai wuce mu. Lambar ta koma layi biyu babu komai. Motar ta ƙara ɗan gaba, ta wuce wasu shaguna, sai ta tsaya cak a gaban wata tashar esansi, da sauran tafiya kafin asibiti.

Mijina ya fita ya sa kafaɗa a jikin ƙofa yana turawa, hannu ɗaya a sitiyari. Ni ma na fita na kama baya. Da nauyin batir ɗin nan motar kamar dutse take. Layin masu jiran mai yana nan har kan titi, masu kabu-kabu zaune a kan motocinsu. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Jama'a, marar lafiya ne! Ku taimaka saboda Allah!"

Wani dattijo mai rawani ya fara sauka daga kan motonsa. Sai wani, sai wasu. Mutanen da suka wuni suna gadin wurinsu a layi suka bar shi suka zo. Wani ya ce, "Hajiya, shiga ciki." Wani ya ce wa mijina ya koma ya riƙe sitiyari. Suka tura mu da gudu, ina jin takun takalmansu da hakinsu a baya, wani yana gaba yana kore mutane daga hanya, har cikin ƙofar asibiti. Kafin in fito in yi godiya yawancinsu sun juya da sauri.

An shiga da Baba ana kiran magariba. Likita ya ce jini ya taru a ƙirjinsa, suka sa masa tiyo suka janye. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, daga baya ya fara shan kunu, ya fara tambayar wa ke ba shanunsa ruwa. Har yau in ya yi tafiya mai nisa sai ya tsaya ya huta, kuma ya bar shiga tsakiyar kasuwar shanu, a bakin rumfa yake zama ana kawo masa magana.

Motar ta kwana a ƙofar asibiti babu ko ɗigon wuta. Washegari mijina ya samo amalanken shanu aka ja ta zuwa gida, yara na bin su a baya. Ya jona ta a wayar gida, ta daɗe ba ta nuna alamar rai ba, yana zaune a gabanta a kan turmi ya ƙi cin abinci. Wajen la'asar allon ya kawo haske. Tun daga lokacin ba ta riƙe wuta kamar da. Aikin da take yi masa har azahar, yanzu kafin azahar take neman gida. Wani ya ce masa zafin sharjin ne, wani ya ce barinta da aka yi ta ƙare ƙaf, wani ya ce shekaru ne kawai. Shi bai taɓa ɗora wa ranar nan laifi a gabana ba, sai dai ya daina karɓar aikin bayan gari.

Ƙanena kuwa sai washegari da hantsi ya iso, a saman wata motar gawayi, baƙi ƙirin, idanunsa jajur. Sun kwana a kan hanya shi da mai adaidaitar. Ya shiga ɗakin da Baba yake ya duba shi, ya fito ya wuce mu ba ko sallama. Ya yi wata guda ba ya ɗaga wayata, sai da Inna ta sa baki.